Samarin Da Aka Bari A Bakin Tafki

Karatunmu na wannan wata yana cikin Littafin Sama'ila na Biyu, daga sura 2 zuwa sura 4. Wanda ya ke da Littafi kusa da shi ya buɗe ya karanta tukuna, wanda kuma ya ke zaune tare da waɗanda ba su iya karatu ba ya karanta musu da ƙarfi. Labarin ya nuna abin da ya sami wata ƙasa sa'ad da mulki ya ke sake hannu, mutanenta kuwa suka rabu biyu. Za mu ajiye shi kusa da labarin zaɓen gwamnoni a Jihar Sakkwato, musamman yadda abin ya kan taɓa mutanen Rabah da Wurno da Goronyo, mu ga abin da zai koya mana.

Abin da ya faru a Gibeyon

Sarki Saul ya mutu a bakin dāga. Mutanen Yahuza suka naɗa Dawuda a Hebron, amma Abner, sarkin yaƙin Saul, ya ɗauki Ishboshet ɗan Saul ya naɗa shi bisa sauran kabilu. Ƙasa ɗaya ta zama da sarki biyu. Wata rana rundunar Abner ta gamu da rundunar Yowab, sarkin yaƙin Dawuda, a tafkin Gibeyon. Waɗannan suka zauna a wannan gaɓa, waɗancan a waccan. Sai Abner ya kawo shawara a fito da samari su kara a gabansu, kamar yadda a kan fito da 'yan dambe bayan kaka, Yowab kuwa ya yarda. Aka ƙirga goma sha biyu nan, goma sha biyu can. Kowane ya cafke kan abokin karawarsa ya soke shi a kwiɓi, dukansu 24 suka fāɗi wuri ɗaya.

Daga nan yaƙi ya ɓarke. Asahel ƙanen Yowab, saurayi mai saurin gudu, ya fafari Abner. Sau biyu Abner yana gargaɗinsa ya rabu da shi, ya ƙi, sai Abner ya soke shi da gindin māshi ya mutu. Da rana ta kusa fāɗuwa Abner ya ɗaga murya daga kan tudu, ya tuna wa Yowab su duka dangi ne, ƙarshen wannan kisa kuwa ba zai yi wa kowa daɗi ba. Yowab ya busa ƙaho aka tsaya. Da aka yi lissafi, mutanen Dawuda 20 ne suka mutu, na Abner 360.

To, ku ji abin da ya biyo baya. Ba a daɗe ba Abner ya ɓata da Ishboshet a kan wata ƙwarƙwarar Saul. Ya aika wa Dawuda yana neman shiri, ya tafi Hebron da mutum 20, Dawuda ya yi musu biki, aka ci aka sha, aka sallame shi lafiya. Mutumin da ya fito da samari su mutu domin gidan Saul, ga shi a kan tabarmar Dawuda yana cin abinci. Littafi ya ba mu sunan Abner, da na Yowab, da na Asahel. Samarin nan 24 kuwa ko sunan ɗayansu ba a rubuta ba. Suna da iyaye mata, wataƙila waɗansu suna da amare, amma ran bikin Hebron ba mu ji an aika wa gidajensu ko da akushi ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka muna cewa wane gwamna shi ne Dawuda, wane kuma Ishboshet. Wannan shafi ba ya cikin kowace jam'iyya. Idonmu yana kan samarin.

Kujerar Sakkwato tun daga 1979

An kafa Jihar Sakkwato a 1976. Gwamnan farko da jama'a suka zaɓa shi ne Alhaji Shehu Kangiwa na jam'iyyar NPN, a 1979. A watan Nuwamba 1981 ya fāɗi daga kan doki yana wasan folo a Kaduna, ya rasu. Mataimakinsa Dr. Garba Nadama ya gāje shi, ya kuma ci zaɓen 1983, amma ran 31 ga Disamba na shekaran nan soja suka karɓi mulki, wata uku kaɗai bayan rantsuwa. Malam Yahaya Abdulkarim na NRC ya hau a Janairu 1992, soja suka sauke shi a Nuwamba 1993. Cikin ukun nan babu wanda ya sauka a ranar da ya sa rai. Sarki goma, zamani goma.

Daga 1999 kuwa labarin ya ɗauki wata kama, shi ne kuma ya fi kusa da na Abner. Alhaji Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa a nan gabashin jiha, ya ci zaɓe a 1999, ya sake ci a 2003, mataimakinsa kuwa Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko ne. Shekara bakwai suna tare. A watan Maris 2006 Wamakko ya ajiye aiki bayan sun ɓata. Bafarawa ya kafa jam'iyyar DPP ya nemi shugabancin ƙasa, jam'iyyar kuwa ta tsai da Alhaji Muhammadu Maigari Dingyadi ya nemi gwamna. Wamakko ya fara neman kujera a ANPP, daga baya ya koma PDP, inda Alhaji Mukhtar Shagari, wanda ya riga ya sami tutar jam'iyyar, ya janye ya zama mataimakinsa. A watan Afrilu 2007 aka ce Wamakko ya ci.

Shari'a ta tashi. A watan Afrilu 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta rushe zaɓen saboda yadda aka tsai da shi takara. Kakakin Majalisar Jiha, Abdullahi Balarabe Salame, ya riƙe jiha, aka sake zaɓe a watan Mayu, Wamakko ya sake ci. Dingyadi ya koma kotu, maganar ba ta mutu ba sai ƙarshen 2010 a Kotun Ƙoli. Har manyan alƙalan ƙasa ta raba: Mai Shari'a Ayo Salami, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya zargi Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da sa hannu cikin shari'ar Sakkwato, shi kuwa ya musa, a watan Agusta 2011 aka dakatar da Salami daga aiki. A Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya riga ya ƙare, har da na Sakkwato. Aka sake zaɓe a Fabrairu, Wamakko ya ci. Kujera ɗaya, mutum ɗaya, talakawa suka shiga layi a rana sau uku cikin shekara biyar.

A Nuwamba 2013 Wamakko ya bar PDP ya shiga APC, mataimakinsa Mukhtar Shagari ya ƙi binsa. Bafarawa, wanda ya riga shi shiga APC, ya fita ya koma PDP. A 2015 Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, ya ci gwamna a APC da goyon bayan Wamakko, mataimakinsa kuwa Alhaji Ahmad Aliyu. Ran 1 ga Agusta 2018 Tambuwal ya koma PDP, mataimakinsa ya ƙi binsa, ya ajiye aiki a Nuwamba, ya fito ya nemi kujerar ubangidansa. Ga gwamnoni uku bi da bi, kowanne ya rabu da mataimakinsa a kan hanya.

Yanzu ku duba inda kowa ya tsaya a zaɓen 2019. Dingyadi, wanda ya yi shekara uku da rabi yana shari'a da Wamakko, yana jam'iyya ɗaya da Wamakko, har ya zama Ministan Harkokin 'Yan Sanda a shekaran nan. Tambuwal, wanda Wamakko ya riƙe wa hannu, yana jam'iyya ɗaya da Bafarawa. Abner ya je Hebron, an shimfiɗa masa tabarma. Ba mu faɗi wannan don mu zarge su ba, gama shiri ya fi gaba ko a wurin wa. Abin tambaya shi ne, mutumin ƙauye da ya daina gaisawa da maƙwabcinsa tun 2007 saboda DPP da PDP, shi wa ya aika masa ya ce an shirya?

Ƙuri'a 342

Zaɓen 2019 ya isa a tsaya a kansa. An jefa ƙuri'a ran 9 ga Maris, Tambuwal yana gaba da 3,413, amma ƙuri'un da aka soke sun fi haka yawa nesa, sai hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba. Aka ƙarasa ran 23 ga Maris. Tambuwal ya tashi da 512,002, Ahmad Aliyu da 511,660. Tsakaninsu 342 ne. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23, watau in aka raba, bai kai ƙuri'a 15 a kowace ɗaya ba. Da mutum 172 kaɗai sun sake ra'ayi, da wani dabam aka rantsar. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tambuwal a Janairu 2020. Sa'an nan ran 18 ga Maris 2023 Ahmad Aliyu ɗin nan da ya fāɗi da 342 ya ci da 453,661, Malam Sa'idu Umar na PDP ya sami 404,632. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Lissafin nan yana da faɗakarwa biyu. Ta fari ga mai cewa, ni ɗaya ne, mu kaɗan ne, ƙuri'ata me za ta yi? Masu bi a gabashin Sakkwato ba su da yawa, da dama kuwa aiki ko ciniki ya kawo su, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu shago. Sauƙi ne mutum ya ce wannan sha'anin 'yan gari ne, ya zauna a ɗaki ran zaɓe. Amma gwamnan da za a zaɓa shi ne zai riƙe makarantar da 'ya'yanka ke karatu, da asibitin da matarka za ta haihu. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kai Babila su nemi lafiyar garin da su ke baƙunci, su yi addu'a dominsa, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In haka aka umarci bayi a ƙasar da ta ci su da yaƙi, balle ɗan ƙasa mai katin zaɓe a aljihu.

Ta biyu ta fi nauyi. Sa'ad da mutum 512,002 suka tsaya nan, 511,660 suka tsaya can, ma'anarsa ita ce rabin jiha ya saɓa wa ɗaya rabin. Cikin kowace kasuwa, kowace unguwa, har cikin gida ɗaya, akwai na nan da na can. In ka ce duk wanda bai zaɓi naka ba munafuki ne ko an saye shi, ka zagi rabin mutanen da ka ke sayen albasa a wurinsu, ka zagi mai ɗinka maka riga, wataƙila har da wanda ku ke zama benci ɗaya ran Lahadi. Abner da kansa ya gane wannan, sai dai bai gane ba sai da rana ta kusa fāɗuwa, gawa ta riga ta cika fili.

Su wa a ke bari a bakin tafki?

Akwai samarin da a ke kira 'yan bangar siyasa. A kan ba su riga mai hoton ɗan takara, da ɗan kuɗi, wani lokaci da abin sa maye, a ɗora su a bayan mota da sanduna. In aka yi karo da motar ɗaya gefen, su ne a ke fasa wa kai, su ne kuma a ke kullewa. Bayan rantsuwa ƙofar da ta ke buɗe musu sai ta sami mai gadi. Saurayin da ya koyi cin abinci da sanda kuwa, wuya ne ya koma ga fartanya.

Akwai ƙananan ma'aikata, waɗanda in gwamnati ta sake su kan kwana da fargaba ko za a jefa su wani ƙauye mai nisa don an gan su a wani taro. Akwai manomin fadamar Rima, mai shinkafa da albasa da tafarnuwa, wanda ya ke jin tsoro kada sunansa ya fita daga takardar rabon taki saboda akwatin garinsu bai faɗa inda a ke so ba. Har masu rawani abin bai bari ba. A watan Afrilu 2024 gwamnatin jiha ta tuɓe hakimai 15, cikinsu har da na Alkammu a ƙasar Wurno da na Giyawa a ƙasar Goronyo. Gwamnati ta ba da dalilanta, ta ce waɗansu an same su da laifi, waɗansu kuma ba a bi ƙa'ida wajen naɗinsu ba, waɗansu mutane kuwa suka ce siyasa ce. Yanke wannan hukunci ba aikinmu ba ne. Abin da kowa ya gani shi ne ƙurar zaɓe ta kan yi shekara ba ta kwanta ba, ta kan kuma shiga har cikin zaure.

Sa'an nan akwai waɗanda aka bari da gaske, cikin jini. A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gandi. Mako uku bayan haka maganar da ta cika jiha ita ce wa ya bar wace jam'iyya. A watan Oktoba 2021 aka auka wa kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka mutu. Maharan ba su tambayi kowa katin jam'iyya ba, waɗanda aka binne kuwa an jera su kusa da juna, na wannan gefe da na wancan. A shekarun nan gwamnatin jiha tana wata jam'iyya, ta tarayya tana wata, magoya baya kuwa suka yi ta jifan juna da laifi. Garin da mutanensa ba su gaisawa da rana, da wuya su haɗa kai su yi tsaro da dare. Bangon da ya tsage, nan ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hausawa suna cewa kowa ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa. Manya suna da lauyoyi, suna da gidaje a Abuja da Kaduna, in suka fāɗi a nan su kan tashi a can. Wamakko ya tafi Majalisar Dattawa a 2015, Tambuwal ya bi shi a 2023. Kai kuwa ba ka da kowa sai Allah da maƙwabcinka. Ran da ɗanka ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare, babur ɗin maƙwabci za a ara. A watan Satumba 2010, sa'ad da ruwan Rima ya yi ambaliya daga wajen madatsar Goronyo ya ci gonaki da gidaje, mutanen da ke kusa su ne suka fara miƙa hannu, tun kafin wata mota ta iso daga birni.

Yadda a ke ci, da yadda a ke fāɗuwa

Mu koma ga karatunmu, gama labarin bai ƙare da biki ba. Yowab ya riƙe jinin ƙanensa Asahel a zuciya. Da ya ji an sallami Abner lafiya, ya aika aka komo da shi, ya ja shi gefe a bakin ƙofar gari kamar zai yi masa magana a asirce, ya soke shi. Sarki ya shirya, bara ya ƙi shiryawa. Sa'an nan waɗansu 'yan'uwa biyu, Rekab da Ba'ana, daga cikin mutanen Ishboshet, da suka ga iska ta juya, suka shiga ɗakinsa yana barcin rana suka kashe shi, suka kai wa Dawuda kansa suna sa ran tukwici. Waɗannan iri biyu a kan same su bayan kowane zaɓe, mai riƙon da ba ya yafewa, da mai neman fāda wanda ya ke sayen wuri a sabuwar gwamnati da sunan tsohon abokinsa.

Dawuda fa? Ya bi makarar Abner yana kuka, ya ƙi cin abinci har fāɗuwar rana. Rekab da Ba'ana kuwa ya sa aka kashe su, ya binne kan Ishboshet da mutunci. Can gaba a sura 9 ya sa aka bincika ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul, aka samo Mefiboshet ɗan Yonatan, gurgu, yana zaune a gidan wani. Mefiboshet ya zo yana rawar jiki, gama ya san abin da sarakuna su kan yi wa zuriyar wanda suka gāda. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa duka, ya ba shi wurin zama a teburinsa muddin ransa. Ƙarfin Dawuda na yin haka ya fito daga wuri ɗaya: ya sani Allah ne ya ba shi sarauta, saboda haka ba ya bukatar ya tsare ta da ramuwa. Wanda ya ke tsammani dabararsa ce ta ba shi, shi ne kullum ya ke ganin maƙiyi a kowane lungu.

Mutanen Rabah suna da misali a gida. Ahmadu Bello a nan aka haife shi, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka ba ɗan'uwansa Abubakar, shi kuwa aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau. Abin bai tafi sumul ba. A 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Duk da haka daga baya suka shirya, ya zauna cikin majalisar Sarkin Musulmi, a 1954 kuma ya zama Firimiyan Jihar Arewa, aikin da ya riƙe har aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966. Sarkin Musulmi Abubakar kuwa ya yi shekara 50 a gadon sarauta, har 1988. Da Sardauna ya ƙare ƙarfinsa wajen rama abin da aka yi masa, da Arewa ta yi hasarar aikinsa. Ƙofar da aka rufe masa a 1938 ba ita ce ƙarshen abin da Allah ya shirya masa ba.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na ɗaya, ka yi rajista, ka fita ka zaɓa, bisa ga abin da lamirinka ya nuna maka a gaban Allah. Kada ka sayar da ƙuri'arka don turmin atamfa ko kwalin taliya. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci ɗaya, ya nema da hawaye daga baya bai samu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda kuwa ya karɓi kuɗi ran zaɓe ba shi da bakin tambayar ina maganin asibiti.

Na biyu, ku iyaye, ku riƙe 'ya'yanku. In wani ya zo yana neman saurayinku ya hau mota da sanda, ku tambaye shi ina nasa ɗan. Ku dattawan ekklisiya, ku san inda samarinku su ke kwana a watannin yaƙin neman zaɓe. Wanda ya riga ya shiga kuma kada a kore shi, a jawo shi, a nema masa sana'a.

Na uku, kada jam'iyya ta shiga ɗakin sujada. Mai wa'azi yana da ƙuri'arsa kamar kowa, amma bagade ba nasa ba ne. In ɗan siyasa ya kawo kyauta gab da zaɓe, dattawa su zauna su auna da kyau ko kyauta ce ko kuwa ciniki, gama ekklisiyar da ta jingina da gwamna ɗaya, ran da ya sauka tare za su sauka.

Na huɗu, ku kiyaye harshe, da abin da yatsa ke aikawa ta waya. Labarin da ba ka tabbatar ba kada ka tura wa wani, ko da yana yi wa gefenka daɗi. Shaidar zur ba ta zama halal don an yi ta a kan abokin hamayya. Kada kuma ka kai sunan abokin aikinka wurin sababbin masu mulki don a ba ka kujerarsa. Ramin mugunta a kan gina shi gajere, gama bayan shekara huɗu akwai wani zaɓe.

Na biyar, ku yi addu'a domin gwamna, ko kun zaɓe shi ko ba ku zaɓe shi ba. Manzo Bulus ya umarci Timoti a riƙa yin addu'a domin sarakuna da dukan masu iko, ya kuwa rubuta wannan a zamanin da Kaisar na Roma ba ya ƙaunar masu bi ko kaɗan. Addu'a ba ta hana faɗin gaskiya. Annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda ya nuna masa laifinsa ido da ido. Ku tambayi hukuma maganar tsaro da hanya da makaranta, da ladabi, ba tare da tsoro ba, ko naku ne a kan kujera ko na wani.

Na shida shi ne mai wuya. In akwai wanda kuka ɓata da shi saboda zaɓe, ko na 2007 ne, ko na 2019, ko na 2023, ko mai bi ne ko Musulmi, kai ka fara zuwa. Ubangijinmu ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Kada ka jira sai an yi rasuwa a gidansa ka je ta'aziyya da kunya. Ka tafi da yamma, ka yi sallama a ƙofar zaure, ka tambayi gajiya da iyali. Ba lalle ku yarda a kan wanda ya fi cancanta ba. Zumunta a ƙafa ta ke. In ya ƙi amsawa ran farko, ka koma, gama Allah bai gaji da kai ba sa'ad da kai ma ka ke juya masa baya.

Abin addu'a na wannan wata

Mu roƙi Allah domin gwamnan Sakkwato da majalisarsa, da Sarkin Musulmi da hakimai, ya ba su hikima da tsoronsa, su riƙe waɗanda suka zaɓe su da waɗanda ba su zaɓe su ba da hannu ɗaya. Mu roƙa domin gwauraye da marayu na ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, da dukan waɗanda suka bar gonakinsu suna zaman gudun hijira, Allah ya mai da su gida lafiya. Mu roƙa domin alƙalai da ma'aikatan zaɓe su yi gaskiya. Mu roƙa domin samarinmu, kada a sake ƙirga su goma sha biyu nan, goma sha biyu can. Kowa kuma ya ambaci sunan mutum ɗaya da ya ke riƙe da shi a zuciya, ya roƙi ƙarfin zuwa wurinsa kafin jarida ta gaba ta iso.

Ubangiji ya ba mu zaman lafiya, mu da maƙwabtanmu. Amin.